Ɓarawon Zamani Roƙon Mabuɗi Yake Yi: Yadda Za Ka Tsare Kanka da Na'urorinka

Ranar 15 ga Yulin 2020, shafukan Twitter na Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates da Elon Musk suka wallafa saƙo kusan iri ɗaya: duk wanda ya aiko da kuɗin intanet na Bitcoin za a ninka masa a mayar. Kafin kamfanin ya shawo kan lamarin, mutane sun tura sama da dala 100,000. Da aka bi sawu, sai ga shi jagoran aikin yaro ne ɗan shekara 17 a jihar Florida ta Amurka. Shi da abokan tafiyarsa waya kawai suka ɗauka suka riƙa kiran ma'aikatan Twitter, lokacin da korona ta sa kowa yana aiki daga gida. Suka ce su 'yan sashen fasaha ne, ana gyara matsalar shiga kwamfutocin kamfani. Suka tura su wani shafin bogi, wasu ma'aikatan kuwa suka rubuta kalmomin sirrinsu da hannunsu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A harkar kutse, tsagewar ta fi yawa a jikin mutum: gajiya, gaggawa, tsoro, ganin girman na gaba, da jin kunyar faɗin cewa an yi kuskure. Mai wayo ma ana cin sa, in dai an zo masa a ranar da hankalinsa ya rabu biyu. Shi ya sa abin da ke ƙasa bai dogara da kaifin basirarka ba. Shiri ne da za ka yi yau da hankalinka a kwance, domin ya tsaya maka a ranar da bai kwanta ba. Na jera matakan bisa nauyinsu. Wanda yake da sa'a ɗaya kacal, ya yi uku na farko.

Mataki na farko: tsare imel ɗinka da layin wayarka

Ka tambayi kanka: in na manta kalmar sirrin Facebook ko ta banki, ina ake turo mini hanyar sake ta? Amsar ba ta wuce imel ko layin waya. To waɗannan biyun su ne ƙofar gida, sauran asusun duk ɗakuna ne a ciki. Wanda ya mallake su ba ya bukatar sanin sauran kalmomin sirrinka, "na manta" kawai zai danna.

Fara da imel. Shiga sashen tsaro na asusun, ka duba abu uku. Na ɗaya, jerin na'urorin da ke ciki yanzu. Duk wadda ba ka gane ba, ko tsohuwar wayar da ka sayar, ka fitar da ita. Na biyu, lambar waya da imel na ko-ta-kwana da aka ajiye. Mutane da yawa za su tarar da layin da suka daina amfani da shi shekaru da suka wuce, alhali kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a taɓa ba. Na uku, ko akwai wani umarni da ke tura kwafin wasiƙunka zuwa wani adireshi. Masu kutse suna son dasa wannan, don ko ka canza kalmar sirri suna nan suna karanta wasiƙunka.

Sai layi. Sa wa sim ɗinka lambar sirri daga sashen tsaro na wayar, yadda ko an zare shi an sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Amma ka nemo lambar PUK, wadda ake buɗe sim da ita in ya kulle, ka rubuta ta tukuna: kuskure uku yana kulle sim, kuskure goma a kan PUK kuma yana kashe shi har abada. Ka kuma hana wayar nuna abin da saƙon tes ya ƙunsa in tana kulle, in ba haka ba wanda ya tsinci wayar zai karanta lambobin da banki ke turowa ba tare da ya buɗe ta ba.

Akwai satar da ba a taɓa wayarka ma. Ɓarawo ya yaudari kamfanin waya, ko ya haɗa baki da wani a ciki, a mayar da lambarka kan sabon sim da ke hannunsa. Haka aka yi wa Jack Dorsey a Agustan 2019, shi da yake shugaban Twitter a lokacin. Alamar ita ce sabis ya ɗauke maka kai kaɗai, na kusa da kai da ke kan kamfani ɗaya suna da shi. Kada ka zauna jira ya dawo. Ari waya ka kira kamfanin, sannan ka kira banki.

Mataki na biyu: kowace ƙofa da mabuɗinta

A 2012 aka sace bayanan masu amfani da LinkedIn. Shekara huɗu bayan haka aka baje su a kasuwar masu kutse, sama da asusu miliyan 100. Ba da jimawa ba aka shiga shafukan Twitter da Pinterest na Mark Zuckerberg, kuma masu kutsen suka ce kalmar sirrin da suka samo daga wancan tarin ita ce "dadada". Mai Facebook ke nan.

Haka abin yake tafiya. Ba wanda ke zama yana cankar kalmar sirrinka. Wani shafi da ka yi rajista ka manta da shi ne ake fasawa, sai a ɗauki imel ɗinka da kalmar a ba kwamfuta ta riƙa gwada su a ɗaruruwan shafuka. Kalma ɗaya a wuri goma, ɓaraka ɗaya ta buɗe goma. Je ka shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ɗan Ostireliya ya kafa a 2013, ka sa adireshin imel ɗinka; zai nuna maka satar bayanan da adireshin ya fito a ciki.

Maganin kashi biyu ne. Kalmomin da dole ka riƙe da ka, kamar ta imel da ta buɗe kwamfuta, ka yi su da tsawo: kalmomi huɗu ko biyar da ba abin da ya haɗa su, irin su tsani, gajimare, allura, kada. Tsawo ya fi tarkacen alamomi amfani, ya kuma fi sauƙin tunawa. Ban da sunan ɗa ko mata, ban da shekarar haihuwa, ban da karin magana ko baitin da kowa ya sani. Sauran kuwa ka bar wa ma'ajiyar kalmomin sirri, wato manhajar da ke ƙirƙiro su ta adana ta kuma cike maka su. Akwai ta a cikin asusun Google da na Apple, akwai masu zaman kansu irin su Bitwarden. Tana da wani amfanin da ba a cika faɗa ba: in ka faɗa shafin bogi, ba za ta cike komai ba, domin adireshi take dubawa, ba ta ruɗuwa da tambari. Duk ranar da ta ƙi cikewa, ka tsaya ka duba inda kake.

Wanda ba ya jituwa da manhaja, musamman dattijo, ya rubuta a littafi ya adana a gida. Na san ana hana wannan, amma a ganina littafin da ke cikin akwati ya fi kalma ɗaya da aka shimfiɗa a ko'ina. Mai kutsen da ke wata nahiya ba zai buɗe akwatin ba. Batun canza kalmar sirri duk wata uku kuma, tun 2017 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta janye wannan shawarar, saboda an lura mutane lamba ɗaya kawai suke ƙarawa a ƙarshe. Ka canza in akwai dalili.

Mataki na uku: ƙara makulli na biyu

A Mayun 2021 kamfanin Colonial Pipeline, mai bututun da ke kai mai gabashin Amurka, ya tsayar da aiki na kwanaki saboda kutse, aka yi ta layi a gidajen mai, ya kuma biya masu kutsen fansar kusan dala miliyan 4.4. Hanyar da aka shigo ita ce wani tsohon asusu da ba a amfani da shi, kalmar sirrinsa ta fita, kuma babu makulli na biyu a kansa.

Makulli na biyu shi ne a nemi wata shaida bayan kalmar sirri. Kunna shi a imel, banki, WhatsApp da shafukan sada zumunta. Iri-iri ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Lambar da ake turowa ta tes ita ce mafi rauni, tunda ana sace layi, amma ta fi babu nesa ba kusa ba. Sama da ita akwai manhaja irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, mai fitar da lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30 ko babu sabis. Sama da duka akwai sabon tsarin da Google da Apple da Microsoft ke yaɗawa, inda zanen yatsa ko fuskarka a kan wayarka ke maye gurbin kalmar sirri. Shi babu abin da za ka rubuta balle a yaudare ka ka ba wani. A WhatsApp, shiga saitin asusu ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lamba shida, ka haɗa da imel. Lokacin kunna waɗannan, wasu shafukan suna ba da lambobin ko-ta-kwana, na shiga in wayar ba ta hannunka. Google goma yake bayarwa. Rubuta su a takarda. Ranar da waya ta faɗa ruwa za ka gode wa kanka.

Shi ma wannan makullin ta hannun mai shi ake buɗe shi. A Satumban 2022 wani mai kutse ya sami kalmar sirrin wani ɗan kwangilar Uber, ya yi ta ƙoƙarin shiga, wayar mutumin tana ta ƙara tana tambayar "kai ne?" Daga baya ya tuntuɓe shi a matsayin ma'aikacin fasaha, ya ce ya amince kawai abin zai daina. Ya amince. In tambaya irin wannan ta zo maka alhali ba kai ke shiga ba, ma'anarta wani yana riƙe da kalmar sirrinka a wannan lokacin. Ka ƙi, ka canza ta nan take.

Mataki na huɗu: katse, ka kira da kanka

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan daɗe a kai.

Wata gwaggona, tsohuwar malamar makaranta ce, mace mai tsantseni da ba a yi mata wasa da hankali. Wata rana da yamma saƙo ya shigo mata a manhajar hira daga lambar wata abokiyar aikinta ta shekara da shekaru, da hotonta da komai. Bayan gaisuwa ta ce ta yi kuskuren sa lambar gwaggo wajen wata rajista, wata lamba shida za ta shigo, don Allah ta turo mata da sauri kafin ta lalace. Lambar ta shigo, gwaggo ta tura. Kafin ta ajiye wayar manhajar ta fitar da ita. Ashe ita abokiyar an riga an ƙwace nata asusun, ɓarawon ne ke bin sunayen da ya tarar ɗaya bayan ɗaya. Daren nan ya fara aika wa mutanen gwaggo cewa tana asibiti da mara lafiya, a taimaka mata da rance zuwa gobe.

Dubi abin da aka haɗa mata: fuskar da ta sani, ƙaramar alfarma da ba a ƙin yi, da ƙurewar lokaci. Kusan kowace damfara da waɗannan ake gina ta, sai dai a sauya ɗaya da tsoro ko kwaɗayi. "Za a rufe asusunka cikin awa biyu." "Ɗanka ya yi hatsari." "Ka ci kyauta, saura kuɗin rajista." "Shugaba ne ya ce a tura yanzu, kuma kada kowa ya ji." Duk saƙon da ya sa ƙirjinka ya buga, kuma yake so ka yi wani abu yanzu-yanzu ba tare da shawara da kowa ba, bugun ƙirjin nan shi ne ƙararrawar.

Dokar guda ce. Duk wanda ya neme ka yana son kuɗi, ko lamba, ko kalmar sirri, ko ka sauke wata manhaja, ka katse, ka neme shi da kanka ta hanyar da ka riga ka sani. In banki ne, lambar da ke bayan katinka. In ɗan'uwa ne, lambarsa da ke wayarka tun da, kuma kira na murya, ba rubutu a inda saƙon ya fito ba. Kada ka dogara da lambar da ta bayyana a fuskar waya, ana iya ƙirƙirar ta ta nuna sunan da aka ga dama. Kada kuma sanin da mai kiran ya yi maka ya ruɗe ka. Cikakken suna da ranar haihuwa da ƙarshen lambar kati duk ana samun su a bayanan sata. Ma'aikacin gaskiya ba zai ji haushi don ka ce za ka kira da kanka ba. Wanda ya fara faɗa ko magiya don kada ka katse, ya gama gaya maka ko shi wane ne.

Mutum mai kunya yana shan wahala a nan, domin katse wa babba waya ko tambayar aboki "da gaske kai ne?" yana da nauyi. Saboda haka ka tanadi jimlarka tun yanzu, yadda ba sai ka yi tunani ba: "To, na ji. Bari in kira ka nan da minti biyar." Ba ka ƙaryata kowa ba, ba ka kuma ba da komai ba.

Lambar da ake turowa ta tes kuwa, babu mahalukin da ke da haƙƙin jin ta daga bakinka. Ba ma'aikacin banki ba, ba na kamfanin waya ba, ba aboki ba. A shafin da kai ka buɗe da kanka kaɗai ake rubuta ta.

Da can ana cewa ka saurari murya ko ka nemi a yi bidiyo. Ƙirƙirarriyar basira ta rage wa wannan shawarar ƙarfi. A farkon 2024 wani ma'aikacin kuɗi na kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya sami saƙo daga wai babban jami'in kuɗi na kamfanin da ke Birtaniya, ana neman a yi wasu biye-biye a asirce. Da farko ya yi zargi. Sai aka gayyace shi taron bidiyo, ya ga jami'in da wasu abokan aiki da ya sani, fuska da murya. Hankalinsa ya kwanta, ya tura kusan dala miliyan 25. Duk waɗanda ya gani a taron na bogi ne. Zarginsa na farko daidai ne. Kuskurensa shi ne ya bar masu neman kuɗin su zaɓa masa hanyar tabbatarwa.

Don haka ku yi wata kalma ta gida, ku da iyali, wadda ba a taɓa rubuta ta a waya ba. Duk wanda ya kira cikin tashin hankali yana neman kuɗi, a tambaye shi ita. In ba a yi wannan shirin ba, a yi tambayar da ba a samun amsarta a intanet, wani abu da ya faru tsakaninku kaɗai.

Masu kasuwanci da ma'aikatan kuɗi, ga taku. Duk wasiƙar da ta ce "mun canza asusun banki, ku biya a wannan sabon," a ɗauke ta ƙarya har sai an kira tsohuwar lambar abokin cinikin an ji daga bakinsa. Wani ɗan Lithuania mai suna Evaldas Rimasauskas ya karɓi sama da dala miliyan 100 daga Google da Facebook tsakanin 2013 da 2015 da takardun neman biya na bogi, da sunan wani kamfanin Taiwan da suke hulɗa da shi da gaske. Babban biya ya zama sai mutum biyu sun sa hannu, kuma shugaba ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa ko shi ne ya ba da umarni, a kira shi a tabbatar. In bai faɗa ba, ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ba.

Saura mahaɗin da ake turowa a ce ka latsa. Hanya mafi sauƙi ita ce kada ka shiga banki ko imel ta cikinsa sam. Buɗe manhajar da kanka. In dole ne, karanta adireshin daga inda layin karkace (/) na farko yake, ban da biyun da ke cikin https://, ka dawo baya. Sunan da ke dab da shi shi ne mai gidan. A google.com.tsaro-asusu.xyz/shiga, mai gidan tsaro-asusu.xyz ne, sunan Google ado ne aka liƙa a gaba. Ɗan hoton kwaɗon da ke gefen adireshi kuma ba shaidar gaskiya ba ne, shafukan damfara ma suna da shi.

Mataki na biyar: na'urorin gida masu haɗe da intanet

Kyamarar tsaro, talabijin, lasifikar da ake yi wa magana, agogon hannu, kwan fitila, makullin ƙofa, kowannensu ƙaramar kwamfuta ce, kuma yawanci ranar da aka kafa su ce ranar ƙarshe da aka duba saitinsu. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tara dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin rarraba intanet, aka yi amfani da su aka durƙusar da kamfanin Dyn mai kai mutane ga adireshin shafuka, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka ɗauke wa mutane da yawa na sa'o'i. Makaminta jerin kalmomin sirri ne kusan 60 da masana'antu ke sakowa da su, irin "admin" da "12345". Abin ya yi yawa har Birtaniya ta kafa dokar da ta fara aiki a Afrilun 2024 mai hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta kowa-da-kowa.

Zagaya gidan da takarda ka rubuta duk abin da ke hawa intanet. Fara da na'urar rarraba intanet ɗin: tana da kalma biyu, ta shiga Wi-Fi da ta shiga saitinta, kuma ta biyun ce ake mantawa. Canza duka. In tana da layin baƙi, kunna shi ka ɗora talabijin da kyamarori da baƙi a kai, wayoyi da kwamfutar aiki su zauna a babban layin. Kowace na'ura ka sa mata kalmarta, ka kunna makulli na biyu a asusunta. Abin da ba ka amfani da shi, kamar makirufo a talabijin ko leƙen kyamara daga nesa, kashe shi.

Sannan ka yi tunanin inda ka kafa su. A Disamban 2019 wani ya shiga kyamarar tsaro ta kamfanin Ring da ke ɗakin wata yarinya 'yar shekara 8 a jihar Mississippi, ya riƙa yi mata magana ta ciki. Ni dai ban ga dalilin sa kyamara mai hawa intanet a ɗakin kwana ba. A shekarar ce kuma ta fito cewa Amazon da Google da Apple suna ba mutane 'yan guntayen muryoyin da na'urorinsu suka naɗa su saurara don inganta aiki. Shiga saitin ka goge tsofaffin naɗe-naɗe, ka kashe ajiyarsu. Agogon motsa jiki ma yana da baki: a Janairun 2018 aka gano taswirar da manhajar Strava ta wallafa tana nuna fasalin sansanonin soja, saboda sojoji suna gudu da ita a kunne. In ta tona sansanin soja, ƙofar gidanka da lokacin fitarka ba za su gagare ta ba.

Akwai wani ɓangaren da ba a son taɓawa. Wani lokaci mai leƙen ba baƙo ba ne. Wanda ya kafa kyamara ko ya saita wa wani waya yana iya ci gaba da gani bayan zama ya ƙare, ko aiki ya ƙare. In aure ya mutu, ko mai aiki ya tafi, ko kun rabu da abokin kasuwanci, a canza kalmomin sirri, a duba waɗanda aka ba izini a kowace manhaja, a duba ko ana raba wurin da waya take da wani. Wayoyin iPhone da Android yanzu suna gargaɗi in wata 'yar na'urar bin sawu irin AirTag da ba taka ba tana tafiya tare da kai. Kada ka share wannan gargaɗin. Duk wanda ke zaune a gida kuma, har mai aiki, yana da haƙƙin sanin inda kyamara take. Na'urar da za ka sayar ko ka bayar, fita daga asusunka tukuna sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta.

Mataki na shida: sabuntawa da ajiye kwafi

Muguwar manhajar WannaCry, mai kulle kwamfuta ta nemi fansa, ta bazu a ƙasashe kusan 150 a Mayun 2017, ta sa asibitocin Ingila soke dubban ganin likita. Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Wata biyu ana danna "sai anjima". Kunna sabuntawa ta kai-tsaye a komai, ka bar ta ta yi aikinta da dare. Na'urar da masu ita suka daina sabuntawa, kamar Windows 10 da tallafinta na kowa ya ƙare a Oktoban 2025, kada a yi harkar banki a kanta. Manhaja kuma daga Play Store ko App Store kawai, ban da wadda aka turo a hira. Hotuna da takardu masu muhimmanci su kasance a wuri uku, ɗaya daga ciki a faifan da ba ya jone da kwamfuta kullum. Lokaci-lokaci ka buɗe kwafin ka ga yana aiki.

Mataki na bakwai: cire kunya daga maganar

Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta gaya wa kowa ba. A kwana biyun nan mutum uku suka tura kuɗi. Da na je na ce, "Gwaggo, me ya hana ki kira ni tun daren?" Sai ta ce, "Ɗan nan, da wane ido zan dube ku? Ni da nake yi wa mutane faɗa a kan irin wannan." Lambar da ta tura asusunta kawai ta ci. Shirun ne ya ci kuɗin mutane.

Ka gaya wa 'ya'yanka da iyayenka tun kafin komai ya faru cewa duk wanda ya latsa abin da bai kamata ba, ko aka tsorata shi da wani hoto ko sirri, ya zo ya faɗa, ba faɗa ba ƙwace waya. Yaron da ya san za a ƙwace masa waya ɓoyewa zai yi, masu barazana da hotuna kuwa da wannan ɓoyon suke cin abinci. Haka a wurin aiki: ma'aikacin da ya kai rahoton kuskurensa cikin minti goma a gode masa a fili. Inda ake hukunta mai faɗa, ba a daina kuskure, daina faɗa ake yi. In kana koya wa dattijo, bar wayar a hannunsa ya danna da kansa, abu ɗaya a zama ɗaya.

Idan ta riga ta faru

In kuɗi ne ko bayanan kati, banki za ka fara kira, a toshe katin a kuma yi ƙoƙarin tsayar da kuɗin. Mintoci suna da tasiri a nan. Daga nan, a wata na'urar da ka yarda da ita, canza kalmar sirrin imel, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, ka sake duba abubuwa ukun nan na matakin farko. Sai sauran asusun da suka yi tarayya da kalmar da ta fita.

In WhatsApp aka ƙwace, sake yin rajista da lambarka. Da zarar ka sa sabuwar lamba shida da za a turo, an fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa tasa lambar ta mataki biyu, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga, amma shi ma yana waje. Da ka shiga, duba jerin na'urorin da aka haɗa ka cire baƙi. Kafin nan, sanar da mutanenka ta kira ko tes ko wani shafin cewa kada su tura komai, ka roƙi wani ya faɗa a rukunonin da kuke tare.

In wata manhaja aka sa ka sauke, kashe intanet ɗin wayar, ka cire ta. In kana shakka, kwashe hotunanka ka wanke wayar gaba ɗaya. Kada ka goge saƙonnin ɓarawon. Ɗauki hotonsu, da lambobin waya da na asusun da aka tura kuɗi da lokutan, ka kai wa banki da hukumar da ke karɓar ƙorafin laifukan intanet a ƙasarka.

Bayan 'yan kwanaki wani zai iya ɓullowa ya ce shi ƙwararre ne, ko lauya, ko jami'i, zai dawo maka da kuɗinka ko asusunka in ka biya wani abu kaɗan. Sau da yawa mutanen farko ne suka sake shiga, ko waɗanda suka sayi sunanka a hannunsu, domin jerin waɗanda aka taɓa ci haja ce a kasuwarsu. Toshe lambar, ka ƙara ta a cikin rahoton da ka kai.